Me ya sa wasu garuruwa ke ƙirƙiro magani, mu kuwa sai saye? Tambayoyi da amsoshi daga Damagaram

Na daɗe ina aikin labo, wato ɗakin gwaje-gwaje na asibiti, a nan Damagaram, ina kuma koyar da yara masu karatun aikin lafiya. Duk shekara idan sanyi ya ja baya, iska mai ƙura ta taso, aka fara jin labarin sanƙarau a karkara, tambaya ɗaya ce ke dawowa daga bakin ɗalibai da ƴan kasuwar magani da iyayen yara: allurar nan da ake jira daga waje, me ya hana a yi ta a nan? Na tattara tambayoyin da aka fi yi mini, na amsa su gwargwadon abin da na karanta da abin da idona ya gani.

Malam, me ake nufi da "tsarin ƙirƙira na yanki"?

Ka je wurin dukawan garin nan ka tsaya ka duba. Jakar fatar da ke rataye ba hannu ɗaya ya yi ta ba. Makiyayi ya kiwata akuya, mahauci ya feɗe ta bai huda fatar ba, majemi ya jeme ta da bagaruwa, aka rina, baduku ya yanka ya ɗinka, dillali kuma ya san mai saye a Kano ko Agadas. Kowa ya san ƙofar gidan kowa, ana ba da bashi bisa yarda, yaro yana koyo a gaban ubangidansa. Ka cire majemi kaɗai, sana'ar ta tsaya, ko da sauran duka gwanaye ne.

Magani da allurar rigakafi da kayan gwajin jini da ingantaccen iri su ma haka suke. Akwai jami'ar da ke gano abu, asibitin da ke gwada shi, mai kuɗin da ya yarda ya yi kasada, masana'antar da ke yin sa da yawa, hukumar da ke tabbatar da ingancinsa, sai mai saye. Idan waɗannan suna wuri ɗaya, suna kuma miƙa wa juna aiki, shi ne tsarin ƙirƙira na yanki. Philip Cooke na jami'ar Kadif a Birtaniya shi ya yaɗa wannan suna a farkon shekarun 1990. Abin da ake kwatantawa tsakanin yanki da yanki shi ne yadda aiki ke wucewa daga wannan hannu zuwa wancan, da kuma inda yake faɗuwa ƙasa.

Me ya sa ake maganar yanki, ba ƙasa ba?

Saboda akwai ilimin da takarda ba ta ɗauka. Yadda ake raya ƙwayar cuta a kwalba ba ta gurɓace ba, yadda ake gane tukunyar haɗi ta fara ɓaci tun na'ura ba ta nuna ba, sai ka tsaya kusa da gwani shekaru kafin ka iya. Irin wannan ilimi yana tafiya ne da ƙafar mutum idan ya bar wannan kamfani ya koma na maƙwabta. Shi ya sa a Amurka mai jihohi 50, garuruwa ƙalilan ne suka tattare yawancin aikin.

Ana ta ambaton Bostan. Mene ne sirrinta?

Sirrinta ba ɓoyayye ba ne, tsada gare shi. A Bostan da Kambirij da ke tsallaken kogi akwai jami'ar Harvard da MIT da manyan asibitocin koyarwa, duk a tazarar da mai keke zai zagaya kafin azahar. Gwamnatin Amurka tana zuba sama da dala biliyan 40 a shekara a binciken lafiya ta hannun hukumar NIH, kuma yankin yana cikin masu samun kaso mafi tsoka. A 1980 aka yi dokar Bayh-Dole, wadda ta ba jami'o'i damar mallakar abin da suka gano da kuɗin gwamnati, su ba kamfani lasisi. Daga nan malamin jami'a ya sami hanyar kafa kamfani.

Akwai abin da ya fi burge ni. A 1976 mutanen Kambirij sun tsorata da binciken sauya ƙwayoyin gado, aka yi muhawara a bainar jama'a, a 1977 majalisar gari ta kafa ƙa'idoji. Mutane sun zaci dokar za ta kori masu bincike. Sai ga shi ta jawo su, don kamfani ya fi son wurin da ya san abin da aka halatta da abin da aka hana. Biogen ta buɗe ɗakin bincikenta a can a farkon shekarun 1980, Novartis ta kai cibiyar bincikenta a 2002, jihar ta ware dala biliyan 1 na shekara goma a 2008, aka kafa Moderna a 2010.

Amma ka lura da abin da ke riƙe da wannan tsari. Sabon magani yana cin shekara 10 zuwa 15, kuma a cikin goma da suka kai matakin gwaji a jikin mutane, kusan ɗaya ne ke kaiwa kasuwa. Masu jarin kasada suna jure asarar tara ne don na goman zai sayu da tsada a kasuwar masu inshora. Ciwon da masu shi ba su da kuɗi ba ya shiga wannan lissafi. Wanda ya ce mu kwaikwayi Bostan, sai ya fara nuna mana wanda zai biya.

To Turai fa? Su ma hanyar Amurka suka bi?

A'a. Bazel ta ƙasar Siwizaland daga marina ta faro, kuma ina son mutanen Damagaram da Kano su ji wannan da kyau. Gari ne na masaƙan siliki, siliki kuwa yana son rini. A 1859 aka fara haɗa rinin sinadari a can. Har zuwa 1907 dokar ƙasar ba ta kare mallakar hanyoyin haɗa sinadarai ba, don haka masu rinin Bazel suka yi ta kwaikwayon abin da aka ƙirƙiro a Faransa da Jamus ba mai hana su. Da hannu ya faɗa, suka ga sinadarin rini da na magani ƴan gida ɗaya ne. Ciba da Geigy da Sandoz duk ta rini suka biyo, kuma haɗuwarsu ce ta zama Novartis a 1996. Roche tana nan tun 1896. Coartem da muke ba yara idan masassarar cizon sauro ta kama su, a Sin aka gano haɗinsa, kamfanin Bazel ya kai shi duniya.

Kofanhagan kuma daga mahauta da tausayin miji ta faro. August Krogh, wanda ya ci kyautar Nobel, matarsa Marie likita ce mai ciwon sukari. Ya samo izinin yin insulin daga Toronto, aka fara a 1923, ana tace shi daga kayan cikin shanu da aladu, abin da Danmak take da shi a wadace. Kamfanin da ya fito daga nan, Novo Nordisk, gidauniya ce ke riƙe da ragamarsa, kusan kamar waƙafi, ribar tana komawa bincike a jami'o'in yankin. Da aka buɗe gada tsakanin Kofanhagan da Malmo a 2000, sai ƙasashe biyu, Danmak da Suwidin, suka zama kasuwar ma'aikata guda.

Wace ƙasa ce ta taso daga talauci ta shiga wannan sana'a?

Indiya, kuma ita ce ta fi cancanta mu tsaya a kanta. A 1970 ta yi doka cewa ba a mallakar magani shi kansa, sai dai hanyar haɗa shi. Har zuwa 2005, duk wanda ya gano wata hanyar, ya halatta ya yi maganin. Kafin nan gwamnati ta kafa kamfaninta, IDPL, da taimakon Tarayyar Sobiyat, da babbar masana'anta a Haidarabad. Kamfanin gwamnatin daga baya ya durƙushe, amma ya yaye masana sinadarai masu yawa. Ɗaya daga cikinsu, Anji Reddy, ya kafa Dr. Reddy's a 1984, wasu suka bi sahu, garin ya cika da masu haɗa magani da allurar rigakafi. Kuɗin da aka zuba a IDPL bai dawo ta asusunsa ba, ta mutanen da ya horar ya dawo.

A 2001 kamfanin Cipla na Mumbai ya ce zai sayar da haɗin magunguna uku na sida a kan dala 350 a shekara, lokacin da farashinsu ya haura dala 10,000 a Turai da Amurka. Daga nan jinyar sida ta fara yiwuwa a Afirka. A Pune kuma Cyrus Poonawalla, ɗan gidan masu kiwon dawaki, ya kafa Serum Institute a 1966 yana tace maganin tsinkau-tsinkau daga jinin doki. Yau babu kamfanin da ya kai shi yawan allurar rigakafi a duniya.

Tsarin yana da nasa rauni. Indiya tana sayo kaso mai yawa na ainihin sinadaran maganinta daga Sin, sabbin magungunan da ta ƙirƙiro da kanta kaɗan ne, kuma sa idon hukuma bai kai ko'ina ba. A 2022 yara kusan 70 suka rasu a Gambiya bayan shan maganin tari gurɓatacce da aka shigo da shi daga can. Masana'anta ba tare da hukuma mai haƙori ba haɗari ce.

Akwai misalin da ya taɓa mu kai tsaye?

Akwai, kuma shi ne na fi so ɗalibaina su haddace. Manya suna tuna 1996, shekarar da sanƙarau ya kama mutane sama da 250,000 a ƙasashen Sahel, ya kashe kimanin 25,000. Allurar da ake da ita a lokacin ba ta daɗewa a jiki, ba ta kare jarirai sosai, kuma sai annoba ta ɓarke ake neman ta. Fafe gora ranar tafiya ke nan.

A 2001 Hukumar Lafiya ta Duniya da ƙungiyar PATH suka fara aikin samar da sabuwar allura da tallafin dala miliyan 70 daga gidauniyar Gates. Kafin a taɓa kwalba, sai da suka zagaya suka tambayi ma'aikatun lafiya na Afirka, har da na Yamai. Amsar da suka samu ita ce kada a kawo mana allurar da ba za mu iya saye ba. Aka tsayar da farashi ƙasa da rabin dalar Amurka, abin da bai kai sefa 300 ba. Manyan kamfanonin Turai da Amurka suka ga ba riba. Sai aka ɗinka aikin daga wurare uku: wani kamfani a Amsadam ya ba da sinadarin ɓawon ƙwayar cutar, masu binciken hukumar magunguna ta Amurka suka ba da dabarar haɗi, Serum Institute ta yi allurar. Aka gwada ta a Indiya da Mali da Gambiya da Senegal da Gana. A Disambar 2010 aka fara yi wa jama'a wannan allura mai suna MenAfriVac a Burkina Faso da Mali da Nijar. An ma tabbatar tana jure kwana huɗu a zafin da ya kai digiri 40 ba tare da ƙanƙara ba, abin da duk wanda ya taɓa kai allura ƙauyukan Tanut a watan Afrilu ya san darajarsa. Sanƙarau nau'in A, wanda ya fi kashe mu, ya ɓace daga yankin.

Cutar ba ta tafi ba, ta sake riga. A 2015 nau'in C ya yi ɓarna a Nijar. Daga Nuwamban 2022 zuwa ƙarshen Janairun 2023 an ƙirga mutum 559 da suka kamu a jihar Damagaram, 18 suka rasu, Dungas ta fi jin jiki. Allah ya jiƙansu. Sabuwar allura mai kare nau'i biyar ta sami amincewar Hukumar Lafiya ta Duniya a 2023, ita ma daga Pune.

Abu biyu nake gani a nan. Na farko, mai saye ne ya fara magana, ya faɗi farashi da yanayin ƙasarsa, sannan masana suka bi. Na biyu yana mini ciwo. Cutar tamu ce, ƙididdigar tamu ce, damatsan da aka yi wa allurar namu ne, amma tukwanen haɗi da gwanintar hannu suna Indiya.

Gwamnati kaɗai za ta iya, ba tare da ƴan kasuwa ba?

Kyuba ta yi. Ta kafa cibiyar fasahar halittu a Habana a 1986, cibiyar Finlay ta fitar da allurar sanƙarau nau'in B a ƙarshen shekarun 1980, kuma bincike da masana'anta da asibiti duk a hannu ɗaya suke. Da allurar A da C ta yi ƙaranci a Afirka wajen 2007, Kyuba da Birazil ne suka haɗa kai suka yi ta. Amma Kyuba ta riga ta ilimantar da kusan kowa, ta kuma yi shekaru tana ba wannan fanni kuɗi ko a lokacin yunwa. Gwamnatin da ke sauya manufa duk bayan sauyin minista ba za ta iya wannan ba.

A Afirka ina aka kwana?

Kusan kashi 1 cikin 100 na allurar rigakafin da ake amfani da ita a nahiyar ne ake yi a nan. Tarayyar Afirka ta sa burin kaiwa kashi 60 nan da 2040. Dakar ta fi kowa daɗewa, cibiyar Pasteur ta can tana yin allurar shawara tun shekarun 1930, kuma tana cikin ƴan ƙalilan da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da tasu. Kef Tawun tana da jami'a mai ƙarfi, da kamfanin Biovac, da Afrigen inda aka kafa cibiyar koyar da fasahar mRNA, wata sabuwar hanyar yin allurar rigakafi, a 2021. Kigali ta jawo BioNTech, kamfanin allurar rigakafi na Jamus, ta kuma karɓi mazaunin hukumar magunguna ta Afirka. Dakar da Kef Tawun suna da saiwa a ƙasa. Kigali dashe ne, sai nan gaba za a ga ko ya kama.

Labarin Niprisan na Najeriya ya fi koya mini. Cibiyar NIPRD ta Abuja ta karɓi haɗin wani mai maganin gargajiya na cutar sikila, wadda muke kira emasi, mai ɗauke da masoro da kanumfari da ganyen dawa. Aka yi yarjejeniya da shi, aka bincika, aka gwada a jikin marasa lafiya, ya rage yawan tashin ciwon. Aka ba wani kamfanin Amurka, Xechem, lasisi, aka ƙaddamar da maganin a 2006. Cikin shekara biyu kamfanin ya karye, magani ya yanke, iyayen yara suka koma neman sa kamar zinariya. Ilimi bai gaza ba. Jari da gudanarwa ne suka gaza, wato majemi ya fita daga layin dukawa.

Da wane ma'auni ake auna yanki?

Masu rahoto suna ƙirga kuɗin bincike, da yawan masu bincike, da takardun mallakar ƙirƙira, da jarin kasada, da sabbin kamfanoni. Da wannan mudu, mu ba ma a awo. Shugabannin Afirka sun yi alkawarin kashi 1 cikin 100 na arziƙin ƙasa ga bincike, kusan babu wanda ya cika. Ni tambayoyi huɗu nake yi. Idan aka ɗebi ruwan ƙashin bayan yaro a Magarya, kwana nawa kafin sakamako ya dawo wa likitansa? Idan na'ura ta lalace, daga ina mai gyara zai taso? Ɗalibin da ya gama, a ina yake aiki bayan shekara biyar? Wa ya yi alkawarin sayen abin da aka yi a gida?

To me Damagaram take da shi?

Fiye da yadda muke zato, sai dai a warwatse. Jiharmu ce mafi yawan jama'a a Nijar, sama da miliyan 3 da rabi a ƙidayar 2012. Muna da jami'ar André Salifou mai sashen koyon likitanci, da babban asibitin ƙasa, da makarantar ma'aikatan lafiya. Akwai reshen LABOCEL, hukumar da ke yin allurar rigakafin dabbobi a Yamai, kuma mutane da yawa ba su san cewa Nijar tana yin allurar shanu da awaki da kanta ba. Akwai Sahara Sahel Foods da ke sarrafa anza da aduwa da sauran ƴaƴan itatuwan daji a nan cikin gari. Manoman Mirya da Magarya da Matamaye sun mayar da gawo gonakinsu ta hanyar sassaben zamani har masana na duniya suna zuwa kallo.

A maƙwabta, cibiyar CERMES ta Yamai tare da Pasteur ta Faransa sun ƙirƙiro ɗan tsinken gwajin sanƙarau na gaggawa a shekarun 2000. Kamfanin STA na Yamai yana yin abincin gyaɗa na yara masu tamowa da lasisin kamfanin Nutriset na Faransa, gyaɗa kuwa amfanin gonarmu ce. Masu binciken INRAN, cibiyar binciken noma ta ƙasa, da jami'ar Maraɗi suna kiwon wani ɗan ƙwaro da ke kashe tsutsar zangarniyar hatsi, ana rataya shi cikin buhuna a gonaki. A 2018 aka fitar da irin hatsi mai suna Chakti mai yawan sinadarin ƙarfe.

Abin da babu shi ne zaren ɗinki. Malamin jami'a bai san abin da labon asibiti ke gani kowace safiya ba. Likitan dabbobi da likitan mutane ba sa zama tebur ɗaya, alhali cututtuka da yawa daga garke suke shigowa gida. Alhazan da ke da jari sun san ribar siminti da jigila, ba wanda ya taɓa zama da su ya nuna musu lissafin labo mai zaman kansa.

Yamai za mu fuskanta ko Kano?

Duka biyun, amma taswira tana magana. Yamai kusan kilomita 900 ce, Kano ba ta kai 300 ba. Kano tana da jami'ar Bayero da asibitin koyarwa na Aminu Kano da masana'antu da masu gyaran na'urori, harshenmu ɗaya, cututtukanmu ɗaya. Sanƙarau na 2022 bai tsaya nuna takarda a iyaka ba, ya shiga Jigawa. Buhun PICS mai ruɓi uku na adana wake, jami'ar Purdue ce ta ƙirƙiro shi, aka gwada shi da manoman Nijar, aka yi ta ƙera shi a Kano. Wannan ita ce gadarmu ta Kofanhagan da Malmo. Sai dai rufe iyaka da yanke wutar lantarki a 2023 sun nuna mana cewa abin da siyasa ke iya rufewa dare ɗaya ba a ɗora masa dukan kaya.

Malam, maganin gargajiyarmu ba zai zama hanyarmu ba?

Zai iya, in an bi shi da awo. Artemisinin, ƙashin bayan maganin masassara na yau, daga wata ciyawa dangin tazargade ya fito. Amma Tu Youyou da abokan aikinta sun tace ɗaruruwan haɗe-haɗe a wani shirin gwamnatin Sin da aka fara a 1967 kafin su same shi a farkon shekarun 1970, Nobel kuwa sai 2015. Tsakanin "kakana yana ba da shi" da "ga adadin da ya dace da yaro mai kilo goma" akwai aikin shekaru. Sabara da marke da kalgo da bedi sun cancanci wannan aiki.

Ina roƙon masu bincike abu ɗaya. Idan kun je wurin mai magani, ku rubuta yarjejeniya da shi tun farko, da sunansa da rabonsa. Yarjejeniyar Nagoya ta 2010 ta tanadi haka. Tsohon da aka karɓi saninsa aka manta da shi, ɗansa ba zai sake buɗe baki ba.

Ba za a mayar da ƴaƴanmu abin gwaji ba?

Hajiya, tsoronki yana da tushe. A annobar 1996 kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Kano, gwajin ya shafi yara kusan 200, 11 suka rasu, aka yi shekaru ana shari'a kan ko an nemi yardar iyaye, sai 2009 aka sasanta da gwamnatin jihar. Rashin yardar da ya biyo baya ya taimaka wajen ƙin allurar shan inna. A 1995 kuma an yi wa dubban mutane a Nijar allurar sanƙarau ta jabu.

Ga kuma Madarunfa. Cibiyar Epicentre ta Maraɗi da ma'aikatar lafiya sun gwada rigakafin zawon yara mai jure zafi a kan jarirai kimanin 3,500, da yardar iyaye, da kwamitin ɗa'a, da ma'aikata ƴan ƙasa. Sakamakon da ya fito a 2017 ya nuna ya hana kusan kashi biyu cikin uku na zawo mai tsanani, a 2018 duniya ta amince da shi. Magani dole a gwada shi a wani wuri, kuma wanda aka gwada a jikin yaran Turai kaɗai ba lalle ya yi aiki daidai a jikin yaron da ke fama da tamowa ba. Abin da za ki tambaya shi ne: an yi mini bayani da Hausa? Zan iya janye ɗana ba a hana shi magani ba? Wa zai yi jinyarsa in wani abu ya faru? In maganin ya yi kyau, za mu same shi da sauƙi?

Me zai hana a gina masana'antar magani kawai?

Alhaji, doka ba ta hana ba. Ƙasashe mafiya ƙarancin arziƙi irin tamu an ɗage musu tilascin kare mallakar magunguna har zuwa 2033, kuma da irin wannan dama Bangaladash ta kai ga yin kusan duk maganin da take sha. Ruwa da wuta ne ke hanawa. Masana'antar allura tana shan tataccen ruwa mai yawa, mu kuwa ƙarancin ruwa yana cikin dalilan da suka sa aka ɗauke babban birni daga nan zuwa Yamai a 1926, har yau kuma unguwanni suna jiran famfo da tsakar dare. Na taɓa zuwa aiki da safe a wani labo na tarar firigo ya huce, wuta ta ɗauke, injin ba mai. Sinadaran gwaji na wata uku muka zubar, muka yi makonni muna mayar da marasa lafiya gida ba sakamako. Ranar ban iya cin abinci ba.

Don haka jerin da nake gani shi ne: labo mai hasken rana da ke iya tantance nau'in sanƙarau a nan, ba sai an aika Yamai ba, ɗakin gwada ingancin maganin da ke yawo a kasuwar Dole, tunda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta ɗaya cikin goma na magungunan ƙasashe irin namu jabu ne ko marar inganci, sai ruwan ƙari da gishirin zawo da abincin tamowa da kayan dabbobi, waɗanda kasuwarsu tana ƙofar gida. Kafin a aza tubali, a sami takardar alkawarin saye daga gwamnati ko manyan ƙungiyoyin agaji.

Ni ɗaliba ce a ajin ƙarshe. Me zan karanta in ina son shiga wannan aiki?

Ƴata, likita muna buƙata, amma layin yana da guraben da ba kowa a ciki. Gyaran na'urorin asibiti, tabbatar da inganci, ƙididdigar cututtuka, dokokin rajistar magani, gudanar da gwaji a jikin mutane, kiwon ƙwayoyin cuta. Ki riƙe Faransancinki, ki ƙara Ingilishi, don yawancin littattafan fannin da shi aka rubuta, kuma da shi za ki yi aiki da Kano da Pune. In kin sami horo a Maraɗi ko Yamai ko Dakar, ki je. In kuma an tura ki ƙaramin asibitin karkara, ki sayi babban littafi, duk samfurin da ya bi ta hannunki ki rubuta ranarsa da ƙauyen mai shi da shekarunsa da sakamakon da ya dawo, da kwanakin da ya yi a hanya. Ki kawo mini shi bayan damina biyu mu zauna mu duba tare.